Kibiyar da Ta Makara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Zulaihatu, wadda bakina bai taɓa iya kiran sunanta ba saboda sunan mahaifiyata ne, sai dai in ce Uwata.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kin sauka Kano lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aikin da kika samu. Na sa takardar nan a jakarki, a cikin naɗin sallayarki, don na san ita za ki fara warwarewa. Ba labarin gida zan ba ki ba, tunda ba ki daɗe da barinsa ba. Wasu maganganu ne nake ta taunawa tun ranar da mutanen nan masu yin wasannin kwamfuta suka ce ki zo ki riƙa shirya musu takun rawa. Duk sanda na zaunar da ke don in faɗa, sai in ƙare da tambayarki ko kin haɗa takardunki. Hannuna bai saba da biro ba, ki yi haƙuri da rubutun.

Zan fara da abin da kika sani, amma ba ki taɓa jin sa daga bakina daki-daki ba. Mu gidan makaɗa ne. Kakanki makaɗin kalangu ne na mahautan Daura, haka ubansa. Ina ɗan shekara bakwai aka rataya min kuntuku, ɗan ƙaramin gangan nan da ke bin kalangu a baya yana riƙe masa lokaci. Ban cika ashirin ba aka ba ni kalangu, abokina Ɗanladi ya karɓi kuntukun. Hannuna yana da sauri, kuma na san yana da sauri. Sanin nan shi ne ciwona.

Wata rana bayan la'asar muna kiɗan bikin ɗan wani mahauci a Zango, sai kakar ango ta shigo fili. Gwaggo Tabawa ake ce mata. Kowa ya ba ta wuri, don an ce a zamaninta babu mai taka rawa kamarta a yankin. Ta ɗaure gyale a ƙugu, ta fara takawa a hankali, mata suna guɗa. Ni kuwa na hangi samari sun kewaye ni suna kallon hannuna. Sai na matse tsarkiyar kalangun na ƙara wuta. Ɗanladi yana hararata, yana jan kuntuku baya don ya riƙe ni, na ƙi riƙuwa. Tsohuwa ta bi, ta bi, har ƙafarta ta harɗe ta durƙusa a gaban jikokinta. Ba ta ji ciwo ba. Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta, ta dube ni ta ce, "Yaro, kai wa kake yi wa kiɗan nan?" Ta fice daga filin. Na ji an ce ba ta sake rawa a gaban mutane ba har ta rasu.

Kakanki yana wurin, ya ga komai. Sai da muka shiga mota ya zare kalangun daga kafaɗata ya ɗora a cinyarsa. Ya ce, "Sale, ina idonka yake ɗazu?"

Na ce, "A kan kiɗa, Baba."

Ya ce, "A kan samari dai. Ka koma kuntuku har sai ka koyi kallon ƙafar mai rawa."

Shekara guda na yi ina bin Ɗanladi a baya.

Uwata, aikinki da nawa na da, abu ɗaya ne. Kina zama ki saurari kiɗa, ki jera kibiyoyi huɗu a kan bugunsa, ta hagu, ta dama, ta sama da ta ƙasa, mai wasa kuma ya tsaya a kan allo ya taka inda kibiya ta ce a lokacin da ta ce. Ƙafafun mutane a hannunki suke. Na ga yadda idonki ke ƙyalli idan kin shirya mai wuyar nan da ke cika fuskar kwamfuta da kibiyoyi kamar yayyafi, kuma na san akwai gwanayen da shi suke nema. Ki yi musu. Amma kada ki saki tsarin da yatsunki kaɗai suka gwada a kan madannan kwamfuta, sai kin hau allo kin taka shi da ƙafarki har ƙarshe. Kada ki sa ƙafa ɗaya ta taka sau biyu a jere ba tare da dalili ba. Ki bar wa mutum inda zai ja numfashi. Mai sauƙin nan na masu koyo, kada ki bar shi sai kin gaji sannan ki harhaɗa shi, don a kansa ne mutum zai yanke ko ya dawo gobe ko kada ya dawo. In wani ya tuntsure a kan allonki, ki fara tuhumar kanki kafin ki tuhumi ƙafarsa.

Kuskurena na biyu ya fi wannan nauyi.

Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu kina goye. Ina cikin waɗanda suka yi murna, kuma har yau ban sauya ba. Amma bukukuwan da ake tara maza da mata a fili ɗaya suka ja baya, kiran makaɗa ya ragu, a majalisa kuma in na iso sai in ji hira ta yi sanyi. Ba wanda ya zo gidana ya ce in daina. Ban kuma je gaban malami ko ɗaya na ce ga sana'ata, wanne ya halatta wanne bai halatta ba. Tsoro da kunya na zauna da su, su suka yanke min hukunci. Na kai kalangun kasuwar Mashi na sayar wa wani mutumin Nijar, na kama awon hatsi, muka tashi daga unguwarmu, na hana a ambaci kiɗa a gidana.

Sauya sana'a ba laifi ba ne, da hatsin nan na ciyar da ku. Laifin ga shi. Ɗanladi bai bari ba, ya koma bin ƙauyuka yana yi wa manoma kiɗan gayya. Wata ranar kasuwa ina zaune a rumfata da sababbin abokaina, waɗanda ke ce min Malam Sale, sai ga shi, kuntukun a ƙarƙashin rigarsa ya ɗan turo. Ya washe baki ya ce, "Sale, kwana biyu."

Na dube shi na ce, "Gero ko dawa?"

Fara'arsa ta ɗauke. Sannan ya ce, "Dawa. Mudu ɗaya."

Na auna masa, ya ƙulle a bakin rigarsa ya tafi. Mutumin da muka ci tuwo a akushi ɗaya shekara goma sha biyar. Bayan damina biyu ya rasu a wani ƙauye wajen Zango, ban ji ba sai da aka yi addu'ar bakwai.

Za ki shiga cikin mutanen da suka yi karatu fiye da mu, masu tufafi masu tsada. Wata rana wani daga gida zai zo wurin aikinki da ƙurar hanya a ƙafarsa, ya kira ki da sunan da ake kiran ki a unguwa. Ki tashi ki tarbe shi a gabansu. In an tambaye ki 'yar waye ke, ki ce 'yar mai awon hatsi, jikar makaɗin kalangu, duka biyun gaskiya ne. Abin da kuma ya shige miki duhu na addini a aikin nan, kada ki zauna ke kaɗai tsoro ya ba ki fatawa, kada kuma son aikin ya ba ki. Ki je wurin masu sani ki tambaya.

Na uku ke na yi wa, kina wurin, amma ba ki san yadda abin ya kasance a cikina ba.

Kin dawo daga makaranta da kwamfutarki a lokacin da ciwon suga ya matsa wa Innarki. Likita ya ce ta riƙa motsa jiki, ita kuwa ta ce ba za ta fita titi tana zagaye kamar wadda ta yar da kuɗi ba. Ke ce kika je wurin kafinta kika tsinto ragowar katako, kika farke tsofaffin madannan kwamfuta kika zare wayoyinsu, kika haɗa allo mai gida huɗu. Duk ban sani ba. Ranar wata Alhamis da hantsi na dawo gida ɗaukar makullin sito da na manta, tun daga zaure na ji kalangu yana tashi a cikin gidana, da ƙarar ƙafa a kan katako. Na ɗaga labule na ga Innarki a kan allo tana haɗa gumi, maƙwabciyarmu Larai da wasu mata biyu suna tafa mata, ke kina durƙushe gaban kwamfuta.

Na fizge wayar allon. Na ce, "A gidana?"

Kika ce, "Baba, magani ne. Ka tsaya ka gani."

Ban tsaya ba. Na ce na fita daga wannan ƙazanta saboda ku, ke kuma kin jawo min ita har ɗaki. Na ɗauki allon na kai sito na kulle shi tare da buhuna. Kalmar nan ta ƙazanta, a kan sana'ar ubana na faɗe ta, a gabanki, kuma har yau in na tuna ta sai abinci ya fita raina. Sati uku ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Ba ki yi min musu ba, ba ki kai ƙarata wurin kowa ba. Kullum ruwan alwalata yana nan inda kika saba ajiye shi. Ƙafafun Innarki suka koma kumburi.

Ita ce ta ce min, "Malam, wancan karon ba ka tambayi kowa ba. Wannan karon ka je ka tambaya."

Na je wurin limamin unguwa bayan azahar na kwashe komai na gaya masa. Ya tambaye ni ko maza suna shiga, na ce a'a. Ko ana wuce lokacin salla, na ce ban ga alama ba. Ko akwai batsa ko zagi a ciki, na ce kiɗa ne zalla. Ya ce ba zai ɓoye min ba, malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, kuma akwai waɗanda za su ce min in bari. Amma mata a cikin ɗakinsu suna neman lafiyar jikinsu, shi ba zai zama wanda zai hana ba. Har na miƙe ya ce, "Larai ɗin nan ƙanwar mai ɗakina ce. Sati uku ke nan tana damun mu da zancen allon da ka kulle."

Na ɗauko allon da kaina na kakkaɓe masa ƙaiƙayi. Kin tuna na ce ki nuna min. Kika kunna. Kibiyoyi suka fara tasowa daga ƙasa suna hawa, kowace in ta kai gurbinta a sama sai ƙafarki ta sauka. Amma ni kunnena ya riga idona. Bugu uku aka yi na gane hannuna. Wani tsohon kaset ne na biki da Innarki ta ɓoye a ƙasan akwatinta, kika juye shi a kwamfuta. Ga ni ina ɗan shekara talatin, ga Ɗanladi a bayana. Na sa ido a ƙafarki, kamar yadda aka koya min. Sai na ga kina taka daidai, na'ura tana yaba miki, amma jikinki bai saki ba.

Na ce, "Tsaya. Kibiyar nan ta makara."

Kika ce, "Baba, na auna ta. Daidai take da bugun kalangun."

Na ce, "Shi ya sa ta makara. Kalangu magana yake yi, yana jan baki, yana wasa da lokaci. Ba shi ƙafa ke bi ba. Saurari na bayansa."

Kika toshe kunnuwanki da abin sauraro, kika rufe ido, yatsanki yana buga gwiwa. Can kika buɗe ido kika fara jan kibiyoyin baya ɗaya bayan ɗaya, da tazarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba. Kika sake hawa allon. Wannan karon kafaɗunki suka sauka, ƙugunki ya karɓa. Kika ce, "Yanzu ya zauna."

Na ce, "Kin san mai kiɗan nan?"

Kika ce, "Tun ina firamare na sani, Baba. Inna ta gaya min. Na bayan ne ban sani ba."

Na ce sunansa Ɗanladi. Kika rubuta shi a saman tsarin, kusa da nawa, naki sunan kuma can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Na fita tsakar gida kamar zan duba tumaki, don kada ki ga fuskata.

Wannan ɗabi'a ki riƙe ta. Duk kiɗan da kika shirya wa taku, ki nemi sunan wanda ya buga shi ki rubuta, ko da na gaba da ke ya ce ba wanda ya damu. In yana raye ki nemi izininsa. Sannan wata rana ke ma za ki zama babba, wani na ƙasa da ke zai kawo miki abin da ba ki taɓa gani ba. Ki tsaya ki gani tukuna. Abin da kika roƙe ni ke nan ran nan, kalma huɗu, na kasa.

Tun daga ranar na zauna kusa da ke na ga yadda aikin yake, kuma ban taɓa gaya miki abin da na gani ba. Na'ura tana son kiɗa mai tafiya da awo ɗaya daga farko har ƙarshe, mu kuwa mutane ne, in fili ya yi zafi hannu yana ƙara sauri bai sani ba. Ke kika bi kaset ɗin gaɓa-gaɓa kina gaya wa na'ura nan ya ƙaru, nan ya lafa, har kiɗan minti uku ya ci miki sati biyu. Inda na matse tsarkiya murya ta hau, kika sa kibiyar sama. Inda na sake ta murya ta faɗi, kika sa ta ƙasa. Ba ni na gaya miki wannan ba, kunnenki ne. Abin da kakanki ya koya min da hannu da harara, wanda na ɗauka zai bi ni kabari, ke kika rubuta shi yadda wanda bai taɓa ganin kalangu ba zai taka shi daidai. Na yi kiɗa shekara ashirin da wani abu, kuma ina gaya miki a matsayin makaɗi, ba a matsayin uba ba: kin fi ni kunne, kin kuma fi ni haƙuri nesa ba kusa ba.

Saura ɗaya, ƙarami. Da kika sa tsarin a intanet, wasu masu wasan daga ƙasashe masu nisa suka rubuto cewa kiɗan a karkace yake, ba ya ƙirguwa, ki miƙe shi. Ni da bakina na ce ki gyara musu yadda suke so kada su raina ki. Tsohon halina ne ya motsa, na son a karɓe ni ko da zan yar da abin da ke hannuna. Kika ce, "Baba, ba a karkace yake ba, ba su saba ba ne." Maimakon ki miƙe kiɗan, sai kika shirya wani tsari mai sauƙi da ke bin kuntuku shi kaɗai, don ƙafarsu ta fara koyon tafiyar. Bayan 'yan makonni su da kansu suka dawo suna neman mai wuyar. Ke ce da gaskiya. Sai dai a Kano za a yi ta gaya miki nan bai yi ba, can bai yi ba. Wani rashin sabo ne, wani kuma gaskiya ne, kibiyar ta makara. Kada ki amsa da baki nan take. Ki hau allo, ƙafarki za ta raba miki gardama.

Ki ci abinci a kan lokaci, na san halinki in kin sa abu a gaba. Ki lura da gwiwoyinki. In an kira salla ki kashe kiɗa kamar yadda kika saba a gida, ko da ke kaɗai ce za ki tashi. Ki riƙa kiran Innarki, ba za ta ce tana kewarki ba, sai dai ta ce tsohuwar kwamfutar da kika bar musu tana yi musu gardama.

Ranar kasuwar da ta wuce, Alhaji Iro mai rumfa kusa da tawa ya ce ya ji za ki tafi Kano, wane aiki ne? Yana cikin mutanen da ke ce min Malam Sale tun farkon zuwana. Na ji tsohuwar amsa ta taso min, in ce aikin kwamfuta ne in yi shiru. Sai na ce masa, "Rawa take rubutawa." Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Na jawo faifai, na jera ƙwayar masara huɗu, na ce wannan hagu, wannan dama, wannan sama, wannan ƙasa. Na kifa mudu ina buga masa kuntuku da yatsa, ina nuna masa inda ƙafa ke sauka. Mutane suka fara tsayawa. Ya dubi hannuna ya ce, "Malam Sale, a ina ka iya wannan?"

Na ce, "A gidanmu. Ubana makaɗi ne, ni ma makaɗi ne. 'Yata kuma ta fi mu duka."

Allah Ya yi miki albarka, Uwata. Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, Ya tsare mutane daga sharrinki, Ya sa abin da za ki ci ya zama halal. Abin da na yi miki ba daidai ba, ki yafe min. Ni ba ki taɓa yi min komai ba sai alheri. Innarki tana gaishe ki. Allah Ya sada mu cikin lafiya.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sale, Daura.